Goggon Biri da Dutsen da Ya Ƙara Nauyi

An yi wani Goggon Biri a dajin Kwarin Ɓaure, mai faɗin ƙirji da rashin zama wuri ɗaya. Ko abinci yake ci, ƙafarsa rawa take yi.

A dajin akwai wata ƙatuwar bishiyar ɓaure mai zaƙin 'ya'ya, a gindinta kuma akwai wani baƙin dutse. Duk shekara idan ruwa ya ɗauke, dabbobi kan taru, wanda ya ɗaga dutsen ya ɗora a kan suri, bishiyar ta zama tasa har shekara ta zagayo. Shekara uku Goggo yana lashe gasar. A kanta iyalinsa suke ci, a kanta suke kwana.

Saura wata guda a yi gasa, sai Bushiya, wata tsohuwa da ba ta iya ɓoye gaskiya ba, ta kawo masa labari cewa bana Jaki zai shiga.

"Jaki?" Goggo ya fashe da dariya. "Wannan mai kunnen? To ya zo!"

Dariyar dai ta baki ce. Tun daga ranar hankalinsa ya tashi. Ya lallaɓa bakin rafi don ya ga shirin Jaki, ya tarar yana ta cicciɓar wani dutse a gadon baya, yana ajiyewa, yana sakewa. Kashegari ya koma, ya same shi kwance a inuwa yana tauna ciyawa.

"Malam Jaki, yau ba aiki?"

"Jiya na yi," in ji Jaki. "Yau jikina ke nasa aikin. Gobe in Allah ya kai mu sai in koma."

"Jikinka ke aiki kana kwance? Ragwanci dai!"

Goggo ya dawo gida da gudu. Ya ce tunda Jaki yini ɗaya yake yi ya huta ɗaya, shi kullum zai yi. Ya ɗaga baƙin dutsen da safe, ya ɗaga da hantsi, ya ɗaga da la'asar. Duk sa'ad da ya hango Jaki a kwance, sai ya ƙara sau goma. Damatsansa suka fara zogi, ya ce ai ƙarfi ne ke shiga. Matarsa ta kawo masa ɓaure, ya ce ta ajiye, ba shi da lokaci. Barcin kirki ma ya gagare shi.

Ana nan, wata safiya ya kama dutsen, da ƙyar ya kai shi gwiwa. Kwana biyu bayan haka, ko gwiwar bai kai ba.

"An sauya mini dutse!" Ya yi ta ihu har tsuntsaye suka watse. "Jakin nan ne! Ya ɗauke nawa ya kawo mai nauyi!"

Ya samo tsakuwa mai kaifi ya karta wa dutsen alama. Kashegari alama na nan daram, dutse kuma ya ƙara nauyi. Sai ya ce to asiri aka yi masa.

Bushiya ta gaji da surutun. Ta zo ta ce, "Ɗan nan, dutsenka ne, ba wanda ya taɓa shi. Kai ne kake ƙarewa. Ɗagawa tana gajiyar da tsoka, hutu da abinci su ke gyara ta har ta fi da ƙarfi. Kai kullum sai rushewa, yaushe za a yi ginin? Saura kwana shida. Kwanta ka yi uku."

"In kwanta? Iya, nawa Jaki ya ba ki?"

"Ko ƙwayar gero bai ba ni ba."

"To riƙe shawararki. Mai ƙaya a baya me ta sani game da damtse?"

Bushiya ta dunƙule ta yi tafiyarta. Shi kuwa gogan naku ya ƙara wani zagayen da azahar. Ni kaina da nake ba ku labarin, haushinsa nake ji.

Ranar gasa daji ya cika maƙil. Goggo ya fito yana dukan ƙirji, ya tsuguna ya rungumi dutse. Ya yi nishi, ya yi gumi. Dutse ya ɗan ɗago kamar taƙi ɗaya, ya kuɓuce, ya faɗi tim! Ya sake gwadawa, ko motsi bai yi ba.

Jaki, wanda ya yi kwana uku yana hutawa, ya durƙusa ya mirgino dutsen gadon bayansa, ya miƙe, ya taka a hankali ya sauke shi a kan suri. Daji ya ɗauki sowa.

Iyalin Goggo suka sauko daga bishiya da 'yan komatsansu. Shi ko hawa ya yi ban kwana da ita bai iya ba, don hannun ya ƙi ɗaguwa. Suka koma gindin wata ƙaya, ya kwanta dole, kwana bakwai matarsa na ba shi abinci a baki.

A rana ta takwas ya fito yana jan ƙafa, ya bi ta wajen surin. Don takaici ya kama dutsen zai ture shi. Sai ga dutse ya taso har saman kansa, sakayau kamar ƙwarya!

"Ku zo ku gani!" Ya yi ta kururuwa. "Na ɗaga! Wallahi na ɗaga!"

Ba kowa a wurin sai Jaki, yana kwance a inuwar ɓaure, 'ya'yan itacen na faɗowa kusa da bakinsa. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam Goggo. Sai baɗi."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, hutu ma wani ɓangare ne na aiki. Duk mai son ƙarfin jiki, idan ya ɗaga nauyi yau, ya bar jikinsa ya huta, ya ci, ya yi barci, kafin ya koma. Kuma idan wanda ya fi ka sani ya ce ka dakata, kada girman kai ya toshe maka kunne.