Ƙyallen da Ba a Wanke Ba

Akwai waɗansu mata biyu, ya da ƙanwa, da aure ya kai su birni. A gidan da suka girma akwai wata bishiyar zogale bayan madafa, mahaifiyarsu ce ta dasa ta da hannunta. Da ganyenta ta yi musu kwaɗo tun suna yawo ba takalmi, a gindinta kuma take zama tana yi musu kitso, tana rera waƙoƙin sujada da muryar da ba ta taɓa bin ƙa'ida ba. Bayan rasuwarta sai aka ce hanya za ta ratsa gidan. Suka je suka tarar an riga an sare bishiyar. Reshe ɗaya suka samu da sauran ɗanyen ganye, suka raba shi biyu.

To, a zumuntar mata ta coci an koya musu wata sana'a. Akan shafa wa farin yadi wani magani a cikin ɗaki, a bar shi ya bushe a duhu. Sai a jera ganye a kansa, a danne da gilashi, a kai rana. Inda rana ta taɓa yakan rine, inda ganye ya rufe kuwa siffarsa takan fito. Daga nan sai wanki, har ruwan ya fita tas.

Haka suka yi da ganyen mahaifiyarsu. Da suka ɗaga gilashin, ga siffar zogale a kwance kan yadi, kowane ɗan ganye da tsinkensa. Ganyen kansa kuwa rana ta ƙona shi, ba zai sake yin wani aiki ba.

Babbar ta ɗebo ruwa a baho ta tsoma nata. Nan take ruwan ya koma ruwan ɗorawa, zanen ya yi kamar zai gudu.

Ƙaramar ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Yaya, kin kashe shi! Abin da ya rage mana na Mama ke nan, kika zuba masa ruwa?"

Babbar ta ce, "Haka aka koya mana. Ni ma gabana faɗuwa yake yi." Ta ci gaba da ɗauraya tana hawaye.

Ƙaramar ta ce, "Ni kam nawa ko ɗigon ruwa ba zai gani ba."

Ita dai mace ce da in ta kafe, sai dai a ƙyale ta. Ta tafi da nata gida, ta rataye shi kusa da taga inda za ta riƙa ganinsa kullum. Ba ta yarda kowa ya taɓa ba, har ƙuda korarsa take yi. Amma maganin yana nan a jikin yadin, haske kuma bai daina aikinsa ba. Siffar ganyen ta soma dushewa, tana cewa idonta ne. Wata safiya ta duba, ba ganye ba tsinke, ƙyalle ne kawai mai duhu daga gefe zuwa gefe.

Ta naɗe shi ta nufi gidan yayarta. Tana shiga ta ga na yayar a bango, shuɗi kamar sabon rini, ganyen zogale fari fat a kai. Ta tsaya tana kallonsa. Can ta ce, "Yaya, ni da na fi ki tattalinsa?"

Yayar ba ta ce mata ai na faɗa miki ba. Ta sauke yadin, ta ɗauko almakashi, ta raba shi biyu, ta miƙa wa ƙanwar rabi.

Ma'anar wannan misali ita ce: yadin nan zuciyar mutum ce, siffar ganyen kuwa tunanin waɗanda muka ƙaunata suka riga mu tafiya. Maganin da ya rage a yadi shi ne ɗacin rabuwa, da "da na sani", da fushin da muke yi da Allah a ɓoye ba mu faɗa wa kowa. Ruwan kuma shi ne kawo wannan duka gaban Ubangiji Yesu cikin addu'a, da yin kuka a gaban 'yan'uwa.

Da yawa a cikinmu muna tsoron ruwan nan. Muna gani kamar ranar da muka daina baƙin ciki, mun ci amanar mamacin ke nan. Ni ma na san wannan tsoro, kuma ba na raina shi. Amma ku duba gidajen da aka ƙi wankin. Yau ba a iya ambaton sunan uwa a can sai fuska ta ɓaci, jikoki ba su san dariyarta ba, ba su san abincin da ta iya ba, abin da suka sani kawai shi ne a yi shiru. Ubangiji ba ya ƙwace mana waɗanda muke ƙauna daga zuciya, ɗacin kaɗai yake wankewa. Kai da ka sami ta'aziyya, kada ka yi wa ɗan'uwanka gori, ka yanka masa daga naka. Ke kuma da kike riƙe da naki a bushe, tun siffar tana fitowa, ki kawo shi ruwa yau.