Ƙawar Amarya da Farin Hannu

Akwai wata budurwa a Kurawa, can ƙasar Sabon Birni, sunanta Ikilima. Mahaifiyarta ta rasu tun tana aji uku na firamare. Daga ita sai babanta Malam Is'haƙa, manomin gero da dawa, a wani gida da in ka shiga da rana ba ka jin komai sai motsin kaji.

Ƙawa ɗaya gare ta a duniya, Saude. A gidan su Saude ta koyi tuƙa tuwo, a can ake mata kitso, a can take dariya. In ka ga Ikilima ta buɗe baki tana hira, to duba gefenta, Saude na nan.

Shekarar da suka gama sakandare aka sa ranar auren Saude da wanda take so, wani saurayi mai kai kaya kasuwannin Nijar. Ita kuwa Ikilima ta yi rajistar jarrabawar shiga jami'a, tana son karatun aikin jinya. Kowa da abin da ya sa gaba, kuma kowace na taya 'yar'uwarta murna.

Matsalar ta zo ne ranar da Ikilima ta je Sabon Birni aka fitar mata da takardar jarrabawa. An tura ta Sakkwato, ranar Asabar, a iso ƙarfe bakwai na safe. Ga shi sa lallen Saude Laraba ne, ɗaurin aure da kai amarya kuma Juma'a.

Ta kai takardar wurin tsohuwar malamarsu, Malama Lailatu. Malamar ta karanta, ta dube ta.

"Saurara da kyau. Kaya marasa ado za ki sa. Ba agogo, ba 'yan kunne, ba zobe, ba waya, ba jikka. Daga ke sai takardagga da hensir. Kuma Sakkwato za ki kwana, tun Juma'a da sahe ki bi mota, kin san hanyarmu ba a bin ta in rana ta yi."

Ikilima ta gyaɗa kai.

"Sai babban abu, lalle. Na'ura za ta karanta yatsunki kahin ki shiga. In ta iske lalle bisa, tana iya ƙin karantawa. In ta ƙi, sai baɗi. Kin jiya?"

"Na jiya, Malama."

Ta ji, amma ta kasa faɗa wa Saude. Sau uku tana zuwa gidansu da niyyar magana, sai ta tarar da ita tana gwada atamfa tana murna, sai bakinta ya mutu. Wannan kam kuskuren Ikilima ne, ba zan ɓoye muku ba.

Ranar Laraba tsakar gida ta cika da mata. Kun san mu da lalle, ko bikin maƙwabcin maƙwabci ne sai an ƙunsa. A Kurawa kuma, da an gama wa amarya, babbar ƙawa ce ke fara miƙa hannu, a yi mata irin na amarya sak. Saude ta zaɓi dungulmi, wanda ake rine yatsu duka har su yi jajir, don in an jera hannuwa a hoto su fito iri ɗaya.

Mai lalle ta ɗago kai. "Ina babbar ƙawa?"

Ikilima ta matso kusa da Saude, ta rage murya. "Saude, ki yi man haƙuri. Ba ni iya sawa ga yatsu. Asabar ni ka jarrabawa, an ce na'ura ba ta karanta hannu mai lalle. A yi man ga ƙahwa."

Saude ta juyo ta dube ta.

"Kuma Juma'a da sahe za ni tahiya Sakkwato."

"Juma'a? Ran da za a kai ni?"

Kafin Ikilima ta amsa, wata ta fashe da dariya. Nuriyya ce, 'yar ƙanwar maman Saude, wadda ta zo biki daga Sakkwato. Ita ma jarrabawar za ta yi, rana ɗaya, wuri ɗaya. Yarinya ce mai kyau, mai baki, irin waɗanda in sun zo ƙauye sai sun nuna maka cewa a birni aka haife su.

"Ikon Allah! Wai na'ura ka tsoron lalle? Ni ma Asabar ɗin ni ka yi, kuma ga hannuna. Wayata da yatsa nika buɗe ta kullum. Wanga ai ƙauyanci na." Ta juya ga Saude. "Ni dai in ƙawata ta, ba ni barin ta ran bukinta. Sai dai in da wani abu cikin rai."

Maganar ta faɗi a tsakar gida, mata suka fara kallon juna.

Idon Saude ya kawo ruwa. "Tun yaushe kika sani?"

"Kwana goma."

"Kwana goma, kina zuwa gidanga, ba ki hwaɗi ba." Ta kawar da kai. "Ko a yi maki duka, ko ki bari."

Ikilima ta dubi kwanon lallen, ta dubi yatsunta. Wallahi ta so ta miƙa. Amma ta tuna jarrabawar nan sau ɗaya ake yin ta a shekara. Ta maida hannunta cikin hijabi.

Nuriyya ta zauna a gurbinta, ta miƙa hannu biyu.

Babu wanda ya kori Ikilima, amma babu wanda ya ƙara ce mata uffan. Ta zauna a bakin rumbu har la'asar tana jin guɗa. Da aka jera hannuwa za a ɗauki hoto, ba a kira ta ba. Washegari zance ya gama gari, wai hassada ce ke cin Ikilima don ƙawarta ta riga ta aure. Wannan magana ta fi komai yi mata ciwo.

Ranar Juma'a da safe, ana ɗora tukwanen biki a kan murhu, ta fito da 'yar ledarta. Ta bi ta ƙofar gidan su Saude, ta tsaya, ta kasa shiga. Babanta ya raka ta har tasha a Sabon Birni.

"Allah shi ba da sa'a, ɗiyata," shi ne kawai abin da ya ce.

A mota an matse ta tsakanin buhun albasa da wata tsohuwa mai barci. Tun daga tasha har Sakkwato ba ta yi magana da kowa ba. Da aka kira sallar Juma'a ta san yanzu ake ɗaura aure. Da la'asar ta yi, tana zaune a ɗakin Gwaggo Maryamu, yayar babanta, ta san yanzu ake fita da Saude, kuma wata ce ke riƙe da hannunta. Ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka mai isarta.

Gwaggo ba ta hana ta ba. Da ta gama, ta tura mata kwanon fura. "Sha. Gobe da aiki."

Asabar bayan sallar asuba ita da Gwaggo suka kama hanya. Ikilima ta sa doguwar riga ruwan toka da farin hijabi, ta cire 'yan kunnenta ta ba Gwaggo. Ƙarfe shida da rabi suna bakin ƙofa, ita ce ta huɗu a layi. Wata ma'aikaciya ta caje ta, ta leƙa kunnuwanta, ta ce wuce. Ta ɗora babban yatsa a kan na'ura, nan take hotonta ya fito. Aka nuna mata benci a ƙarƙashin rumfa ta zauna jira.

Sai da layi ya kusa ƙarewa, tara saura kwata, wata mota ta tsaya da ƙura har gilashi. Nuriyya ta fito a guje. Da asuba suka baro Kurawa, ko gida ba ta biya ba. Tana sanye da ankon biki mai duwatsu, ga sarƙa, ga awarwaro, ga agogo, ga jaka a kafaɗa.

"Ba a shiga da waɗannan," in ji ma'aikaciyar.

Nuriyya ta waiga, motar da ta kawo ta har ta juya. Ta tsaya tana raba ido, ba ta san kowa ba.

Ikilima na hango ta daga rumfa. Da wata ce, da ta gyara zama ta sha kallo. Sai ta taso ta zo jikin wayar shinge, inda Gwaggo ke jira a waje, ta ɗaga murya.

"Gwaggo! Ga 'yar'uwar Saude nan, ki amsa mata kayanta."

Gwaggo Maryamu ta shimfiɗa gefen mayafinta, Nuriyya ta zube komai a ciki. Ta ruga wurin na'ura.

Ta ɗora babban yatsa, shiru. Ta ɗora manuni, shiru. Aka goge na'urar, aka goge hannun, aka gwada yatsu goma ɗaya bayan ɗaya. Lallen ya kama sosai, har ya yi duhu, fatar ta yi santsi. Ma'aikacin ya girgiza kai.

"Ba ni da ikon shigar da ke in bai karanta ba. Rubuta sunanki a nan, ki tsaya gefe."

Aka kira su Ikilima suka shiga.

Bayan awa biyu ta fito. Jama'a sun watse, rana ta take. A gindin wata bishiyar dogon yaro ta hango Nuriyya ita kaɗai, ta samu dutse tana gurza yatsunta, har biyu sun fashe. Kwalliyar fuskarta duk ta narke.

Ikilima ta zauna kusa da ita, ta karɓe dutsen ta jefar.

"Bari, za ki ji ma kanki ciwo. Ba ya hita hakan ga."

Nuriyya ta jira ta ji an ce ai na faɗa miki. Ba ta ji ba. Ikilima ta karɓo ruwa wurin Gwaggo ta wanke mata hannu, ta ɓare musu gyaɗa suka ci tare, sannan suka raka ta har ƙofar gidansu.

Ikilima ta koma Kurawa ta tarar da garin yadda ta bar shi. A rijiya mata na amsa gaisuwarta a daƙile. Gidan Saude na can bayan masallaci, bai fi tafiyar minti biyar ba, amma ta kasa zuwa. Da sakamako ya fito a wayar babanta, ta ci da maki mai kyau. Malam Is'haƙa ya yi hamdala ya tafi gona. Ta zauna riƙe da wayar a tsakar gida, tana son ta ruga ta faɗa wa mutum ɗaya, ba hali.

Bayan sati uku, da hantsi, aka yi sallama. Nuriyya ce, da hijabi har ƙasa, lallen ya koɗe saura a farce.

"Taso mu tai. Saude na kira."

"Ni?"

"Ke. Na gaya mata komi. Na gaya ma innata, na gaya ma matan da ag gidan ran nan, ɗaya-ɗaya. Ni na ɓata maki suna gaban mutane, gaban mutane na gyara."

Suka tarar da Saude a sabon ɗakinta, zaune a ƙasa. A gabanta akwai ɗan kwano da ƙullin leda. Ikilima ta tsaya a bakin ƙofa.

"Saude, ni ma na yi laihi. Da na hwaɗa maki tun da wuri..."

"Zamna dai."

Saude ta kwance ledar. Garin lalle ne, kore shar.

"Na buki na. Ran nan ina hushi da ke, amma da mai lalle za ta kwaɓe saura, na ce ta ɗebe rabon babbar ƙawa. Ban san mi ya sa ba. Cikin akwatina ya kwana har yau."

Ta zuba ruwa ta kwaɓa da kanta. Sannan ta ɗago, idonta ya cika.

"An gama da na'urar?"

"An gama."

"To, kawo hannun."

Ikilima ta miƙa hannu biyu. Amarya ce ta ƙunsa mata, yatsa bayan yatsa, Nuriyya na yaga leda tana miƙo mata. Hannun na ɗaure, Ikilima ta kasa share hawayenta, sai Saude ce ta share mata da bakin zanenta.

Darasi: In kana da jarrabawa, karanta takardarka ka bi abin da ta ce. Sa kaya marasa ado, bar agogo da sarƙa da waya a gida, je ka kwana kusa, ka isa kafin lokaci. 'Yan mata, ku ɗaga wa lalle ƙafa sai kun fito. Kada ka raina gargaɗi don daga ƙauye ya zo, kuma in ka ga wanda ya yi maka dariya ya faɗi, ka taimake shi. Mu kuma 'yan'uwa da ƙawaye, kada mu sa yaro ya zaɓa tsakaninmu da karatunsa. Ku tura wannan ga duk gidan da kuka san akwai mai shirin jarrabawa bana, tun kafin a kwaɓa lalle.