Rakiyar Sarkin Tafki

Ruwa ya dawo rijiyoyin Birnin Zangarma ranar wata Talata, bayan shekara uku da ƙafewa. Wanda ya dawo da shi Dogara ɗan Jatau ne, jikan masu haƙar rijiya, mutum mai ƙarancin magana.

Gajimare, Sarkin Aljanun Tafki, shi ya janye ruwan zuwa tafkinsa da ke tsakiyar kurmi. Hanya ɗaya ce ta kewaye tafkin, siririya, mai santsi, ta tashi daga ƙofar gari, ta bi ƙarƙashin ɗorawa da maɗaci da giginya, ta ratsa fadar aljanu, ta sake ɓullowa a ƙofar. Jarumai bakwai sun bi ta da takubba, kowa ya dawo da kube.

Dogara ya tafi da sanda da goro. Ya wuce kadoji masu haƙoran azurfa da itatuwa masu kiran matafiyi da sunansa, bai waiwaya ba, har ya isa fadar da aka gina da tsayayyen ruwa. Ya tuɓe takalmi, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ruwa muke roƙo."

Gajimare ya ce, "Inda nake, nan ruwa yake, ɗan Jatau. Ni kuwa ba na fita sai rakiyar baƙo."

"To, a taka mini."

Aljanu ba sa karya al'ada: mai rakiya ba ya juyawa sai baƙo ya ce masa ya koma. Suka kama sauran rabin hanyar, ruwan tafkin na bin sawun sarkinsa ta ƙarƙashin ƙasa. A gindin wata kuka Gajimare ya tsaya, ya yi gyaran murya.

"Mun yi nisa fa."

"Mun yi, ranka ya daɗe. Ina gajiya?" Dogara ya miƙa masa goro, ya ci gaba da tafiya.

Haka suka yi har ƙofar gari. Kafin la'asar guga ya taɓa ruwa, kafin mako Sarki Barau ya naɗa Dogara Sarkin Ruwa.

Shekara talatin ke nan Gajimare na tsaye a ƙofar. Kullum da safe Dogara na kai masa goro, su gaisa, su taɓa hira, amma bai taɓa ce masa ya koma ba. Bana Dogara ya cika shekara saba'in da ɗaya, tari ya kama shi, kuma malaman gari ba su daidaita ba kan ko rakiya na ƙarewa da mutuwar baƙo.