Yarima Marwanu da Benaye Huɗu na Iska

A Birnin Murjani, wanda ganuwarsa ke wanke ƙafa a bakin teku, an yi wani Sarki Sha'aibu, mai jirage saba'in da 'ya'ya biyu: Marwanu, dogo, kyakkyawa, mai jin kai har ya yi masa yawa, da ƙanensa Lukmanu, wanda ke jagorar jiragen fatauci. Wata safiya tattabara ta sauka a fada da wasiƙar Lukmanu. Ya ce sun shiga wani yanki a tsakiyar teku inda iska ta mutu murus, zannuwan jirage sun yi laƙwas, ruwan shansu kuwa na kwana arba'in ne.

Marwanu yana son ƙanen nan fiye da ransa. Nan take ya nufi matakalar tagulla da ke kan Dutsen Shuni, wadda ta ratsa benayen iska, ya rantse ba zai kai kuka ba sai wurin wanda ya fi kowa bisa, domin a fadar ubansa haka ya ga ana yi: babba a sama, talaka a ƙasa.

A bene na farko, mai hadari da tsawa da kaɗawar iskoki, ya tarar da wata tsohuwar aljana, Uwar Gajimare, jiƙe sharkaf tana tankaɗe gizagizai a faifai. Ta ɗago za ta yi masa sannu, gogan naka ya ɗauke kai, ya wuce ko sallama babu.

Kwana goma ya yi kafin ya isa bene na biyu, shiru, tsit, shuɗi, inda Sarkin Garkuwa ke tare dafin rana kada ya ƙone 'yan Adam. Sarkin ya ce shi tsaro ne aikinsa. A na uku, mai sanyin da ke fasa ƙashi, aljanu maƙera suna ƙone duwatsun da ke faɗowa daga sama, ba wanda ya ma saurare shi. Ya ci gaba, numfashi na guntulewa, har ya kai bene na huɗu, fadar Sarkin Ƙololuwa mai labulen haske kore da ja. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya buɗe baki, muryarsa ta ƙi fita, saboda iskar wurin ba ta isa ɗaukar magana ba. Da yatsa ya rubuta kukansa a daɓen fada.

Sarkin ya karanta, ya rubuta masa amsa: "Ya kai ɗan sarki, mu nan sunan sarauta gare mu kawai. Duk iskar da ke tura jirgi a bene na ƙasa take, hannun Uwar Gajimare."

Ranar kwana na arba'in da uku ya dawo gabanta, ya zube, ya nemi gafara. Tsohuwar ba ta yi fushi ba, tausayinsa ma ta ji. Ta bayyana masa cewa a ɗamarar duniya, wato tsakiyarta mai zafi, rana ke dafa iska ta tashi sama, ta rabu kudu da arewa, ta huce ta sauko, ta komo ta ƙasa a karkace. Inda iskar kudu da ta arewa suka haɗu kuwa, nan ne shirun da ya kama jiragen.

"Ɗana, yankin nan siriri ne," in ji ta. "Da ka tsaya ran farko, da na ce ka mayar da tattabarar: su sa filafilai su tuƙa arewa kwana uku, za su tarar da iska. Yanzu ɗamarar ta bi rana ta matsa da kanta. Je ka, jiragenka na tafe."

Suna tafe kuwa. Ya iso gida ya tarar da gari ya cika a bakin teku, ana kiɗa ana guɗa, an hango zannuwa saba'in cike da iska. Sarki Sha'aibu ya rungume shi a gaban jama'a, ya kira shi gwarzon da ya komo da iska, ya ce daga yau gadon sarauta nasa ne. Jiragen suka matso, babu mai ɗaga hannu, babu mai jefo igiya. Kiɗa ya fara mutuwa.

Marwanu ne ya fara hawa. Ya sami Lukmanu a gaban jirgi, ya ɗaure kansa da rawani a jikin itace don kada ya faɗi, fuskarsa na duban gida, rai ya riga ya yi halinsa. Ya kwance shi, ya goya shi, ya sauko da shi ta tsakiyar makaɗan. Allah ya jiƙan waɗanda ƙishirwa ta kashe a kan ruwa.