Maɓallan da Ba Su da Suna

Akwai wani matashi mai gina shafukan intanet, wanda kowa a gida ke kira Auta, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. Auta ya iya aikinsa, wannan ba a ja da shi. Matsalarsa ɗaya ce, kuma babba: in ya yi abu da hannunsa, to a wurinsa abin ya gama kyau, duk wanda ya nuna masa giɓi bai fahimta ba ne. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Murmushi kawai zai yi maka, irin wanda ake yi wa yaro in ya yi tambayar shirme, har ka ji da ma zaginka ya yi.

Masu irin sana'arsa ba sa gina kowane shafi daga tushe. Suna da tsari da suke ɗora aiki a kai, mai ɗauke da ƙananan sassa: maɓalli, akwatin rubuta suna, jadawalin ranaku da sauransu. A ɗauko wannan a haɗa da wancan, sai shafi ya tashi. Irin waɗannan tsare-tsare suna da yawa, amma Auta ya raina su duka, wai sun cika nauyi da tarkace. Sai ya zauna ya ƙirƙiro nasa, ya raɗa masa suna Tubali, kuma da shi ƙaramin kamfaninsu ke yin duk ayyukansa.

Gaskiya Tubali yana da sauri, amma akwai abin da aka sadaukar kafin a samu saurin. Manhajar da ake buɗe shafi da ita tana zuwa da nata maɓallan na asali. Ba su da kyan gani, kuma kamanninsu kan canza daga wannan waya zuwa waccan. Sai dai kowannensu ya san sunansa. In mai larurar gani ya kunna muryar da ke karanta masa abin da ke kan allo, maɓallin zai ce "ajiye" ko ya ce "soke". Auta ya watsar da waɗannan, ya zana nasa da kansa, suka fito sumul, iri ɗaya a ko'ina. Amma muryar nan ba ta ganin komai a cikinsu. Duk inda ta taɓa, kalma ɗaya take samu, wato sunan da ya liƙa wa kowane sashe daga ciki: tubali.

Abokin aikinsa, wanda suke tsokana da suna Gemu, shi ya fara yi masa magana. Tare suka yi karatu, tebur ɗaya suke zama a ofis.

"Mutumina, abin nan naka bebe ne fa," in ji Gemu. "Na gwada shi da muryar makafi, ba ya cewa komai sai sunan kansa. Kuma ba ya tafiya sai da linzamin kwamfuta, in ka ce da madannai kaɗai za ka bi shi, ka tsaya ke nan."

"Wannan ba aikin Tubali ba ne," in ji Auta, idonsa a kan allo.

"To aikin wa ne?"

"Ka ga, komai na duniya zaɓi ne. In na sa kowane maɓalli ya riƙa ɗaukar suna da bayani, na koma irin kayan nauyin da na gudo. Ni sauri na zaɓa."

"Zaɓi ne, na yarda. Amma wanda zai sha wahalar zaɓin ba ya nan lokacin da kake zaɓa."

Auta ya yi murmushin nan nasa. Gemu ya koma kan aikinsa, don ya san in murmushin ya fito, magana ta ƙare.

Auta yana da yaya mace, wadda ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Ita ta yi masa wanka, ita ta raka shi makaranta, ita ta fara zaunar da shi gaban kwamfuta a wurin aikinta. Shekara da shekaru tana aiki a teburin karɓar baƙi na wani ƙaramin asibiti: ta amsa waya, ta sa wa marasa lafiya ranar ganin likita, ta sauya musu in sun nemi a sauya. Mijinta ya rasu, ba ta samu haihuwa ba. Wannan teburin shi ne dalilin tashinta da safe, shi ne wurin hirarta da dariyarta. Tsofaffi ma in sun buga waya, sai su ce a ba su "mai murya mai daɗin nan".

Abin da Auta bai sani ba shi ne, idanun Yaya sun fara mutuwa. Likitan ido ya gaya mata gaskiya, cewa gani zai yi ta raguwa, ba zai dawo ba. Ba ta faɗa wa kowa ba, musamman Auta, don har yanzu kallon yaron goye take yi masa, ba ta son ta ɗora masa damuwa. Kuma aikinta bai tsaya ba. Tsohuwar manhajar asibitin mummuna ce, ga nawa, amma tana magana. Yaya ta sa ɗan abin sauraro a kunne ɗaya, murya tana karanta mata komai, yatsunta suna bin madannai da ka. Babu wanda ya lura da wani canji.

Sai asibitin ya ce zai sabunta manhajarsa. Yaya da bakinta ta ce wa shugabar wurin, "Ai ƙanena irin wannan aikin yake yi, ku gwada shi." Ta faɗa cike da alfahari. Aka gwada, aka yaba, aka ba kamfaninsu Auta aikin.

Ranar da aka kunna sabuwar manhajar, ma'aikata suka taru suna santi. Yaya ta zauna, ta sa abin sauraronta, ta danna madannin da ta saba dannawa. Shiru. Ta lalubo linzami ta ja shi. Muryar ta ce, "Tubali." Ta matsa gefe. "Tubali." Ta gangara ƙasa. "Tubali, tubali." Ta cire abin sauraron, ta kusanto da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa allon, ba ta ga komai ba sai hazo mai launi.

Ranar hutu Auta ya zo gaishe ta. Ta haɗa masa shayi, ta zauna nesa da taga don kada ya lura da yadda take ƙifta ido.

"Auta, aikinka ya yi kyau, kowa sai sa albarka yake yi," in ji ta. "Sai dai akwai wata a wurinmu, idonta ba shi da ƙarfi. Da muryar nan take aiki, kuma ta ce sabon ba ya karantuwa. Ba yadda za a yi?"

Da Auta ya ɗago ya dubi fuskar yayarsa a wannan lokacin, da ya gane. Amma wayarsa yake dannawa.

"Yaya, wannan ba aikin Tubali ba ne. In zan sa wannan, sai na rushe ginin tun daga ƙasa. Kuma tsakani da Allah, mutum nawa ne irinta? Ba za a rushe gida saboda mutum ɗaya ba. Ki ce mata ta nemi gilashi mai ƙarfi."

Yaya ta ce, "Haka ne. Zan gaya mata. Sha shayinka kada ya huce."

Daga nan ta shiga wahalar da Allah kaɗai ya san iyakarta. Ta yi ƙoƙarin haddace wurin da kowane maɓalli yake. Amma Auta yana son kwalliya, kowace sabuntawa sai ya ɗan matsar da abubuwa. Maɓallin tabbatar da rana da na soke ta suna jere da juna, girmansu ɗaya, launi kawai ya raba su. Kuskure ya fara shigowa. Ta sa wa wata mai ciki ranar da likita ba ya zuwa. Ta soke wa wani dattijo layinsa, tana zaton tabbatarwa ta yi. Dattijon ya zo daga nesa, yana dogara sanda, aka ce babu sunansa. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "'Yata, ke ce fa kika ce in zo yau." Wannan magana ta fi mata zafi a kan duk wani faɗa.

Shugabar asibitin ta kira ta ofis. Mace ce mai kirki, kuma sun daɗe tare. Yaya ta ga ɓoyo ya ƙare, ta gaya mata labarin idonta, ta gaya mata yadda ta yi ta aiki da murya a tsohuwar manhaja.

"Ashe ba laifinki ba ne," in ji shugabar. "Tsohuwar dai an riga an rufe ta. Amma bari in kira kamfanin, su gyara ko mu raba gari da su mu nemi wasu."

Yaya ta san wannan ne babban aikin farko da ƙaninta ya samu, ta san yadda yake ji da shi. Sai ta ce, "A'a, ranki ya daɗe, kada ki kira su. Aikin yaron nan ba shi da aibu. Idona ne ya gaji, ni ma na gaji. Ku nemi wata."

Shugabar ta yi ta lallashi, Yaya ta kafe. Ta kwashe kofinta da ɗan matashin da take jingina da shi, ta yi sallama da kowa, ta koma gida. Aka ɗauki wata a kujerar.

An ɗan jima kafin Auta ya sake leƙo ta, aiki ya sha masa kai. Ya zo da rana tsaka a ranar aiki, da niyyar ajiye mata saƙo wurin maƙwabta, sai ya tarar da ƙofarta a buɗe. Kafin ya yi sallama ya ji wata murya daga ciki, siririya, irin ta na'ura.

"Tubali. Tubali. Tubali."

Ya leƙa. Yaya tana zaune a gefen gado, waya a hannunta, fuskarta tana kallon bango. Shafin asibitin ta buɗe, wanda marasa lafiya ke neman layi da shi, tana son ta sa wa kanta ranar ganin likita. Yatsanta yana yawo a kan allon, kuma duk inda ya sauka, sunan da Auta ya raɗa ne ke amsa mata.

"Yaya," ya ce. "Matar nan ta wurin aikinku..."

Ta juyo wajen muryarsa, amma idanunta suka wuce shi kaɗan, suka tsaya a jikin ƙofa.

"Auta ne? Shigo mana. Ka ci abinci kuwa?"

Ya durƙusa a gabanta, ya kifa kansa a gwiwarta, ya yi kukan da rabonsa da irinsa tun ranar da aka fita da mahaifiyarsu. Ita ce ma take shafa kansa tana ba shi haƙuri.

"Me ya sa ba ki ce ke ce ba?"

"Na gaya maka akwai mutum, Auta. Ban zaci sai ta zama yayarka za ta zama mutum ba."

Washegari ya sami Gemu, babu murmushi a fuskarsa. Suka rushe Tubali tun daga ƙasa. Aikin da zai zo da sauƙi da tun farko aka yi shi, yanzu ya ci watanni, don duk abin da suka gina a kai sai da suka taɓa shi. Saurin ya ɗan ragu, amma babu wanda ya ma lura. Da suka gama, Auta ya je asibitin ya roƙi shugabar ta mayar da yayarsa. Ta ce masa cikin tausayi, wadda aka ɗauka ita ma tana da iyali, ba za a kore ta ba laifi ba.

Ya ɗauki kwamfutarsa ya tafi wurin Yaya, ya ɗora mata a cinya, ya aza yatsunta a kan madannai. Ta danna. Muryar ta ce, "Sunan mara lafiya." Ta sake dannawa. "Ranar ganin likita." Ta sake. "Tabbatar." Yatsunta suka fara gudu da kansu kamar da, fuskarta ta washe, har ta gyara zama irin na bakin aiki. Sai kuma hannun ya tsaya.

"Ya yi kyau, Auta, Allah ya yi maka albarka," in ji ta. "Wata za ta ji daɗinsa." Ta laluba ta rufe kwamfutar a hankali, ta miƙa masa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk mai gina abin da jama'a za su yi amfani da shi dole ya zaɓi abin da zai sa da abin da zai bari, wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne girman kan da ke hana mutum tambayar wa zai cutu da abin da ya bari. In aka ce maka aikinka ya rufe wa wani ƙofa, kada ka tsaya tambayar mutum nawa ne, kada ka ce ba aikinka ba ne. Ka saurara tun gyara yana da sauƙi, tun kafin wani ya rasa abin da gyaranka ba zai dawo masa da shi ba. Wanda kake gani kamar ba kowa ba, yayar wani ce ko mahaifin wani, kuma wata rana yana iya zama naka.