Saukar Lubabatu a Bakin Ƙofa

Akwai wani lambu a gefen unguwar Ganou, cikin garin Parakou, wanda Turawan Faransa suka dasa wa mangwaro da dogon-yaro don shan iskarsu. Da suka kwashe kayansu, a shekarun farko na 'yanci, lokacin ana kiran ƙasar Dahomey, sai lambun ya zama maraya. Ciyawa ta fi mutum tsawo. Gefe ɗaya ya zama juji, ɗaya gefen kuma gidan macizai.

Unguwar kuwa ba ta da wurin taro. In suna ya tashi ko ɗaurin aure, sai a tare lungu, baƙi na zaune akuya na ratsa su.

Akwai wani mai motocin ɗaukar kaya, sunansa Badamasi, jikan fataken goro na garin Djougou, wanda ya ɗan taɓa lekol, wato makarantar boko, har Faransanci ya zauna masa a baki. Zan ba shi haƙƙinsa, domin ban saba rage wa ɗalibi makin da ya ci ba: shi ya yi ta sintiri ofishin magajin gari har aka yarda unguwa ta gyara lambun. Shi ya kira gayya. A ƙofar masallaci ya raba goro, ya ce duk wanda ya sa hannu a aikin nan, lambun nasa ne, ranar da bukinsa ya tashi ya faɗi ranar kawai. Mutane suka karɓi goron suka ci. A wurinmu wanda ya ci goron magana ya zama shaida.

Maza suka sare ciyawa. Jujin kuwa mata ne suka kwashe shi a ka, kwando bayan kwando. A cikinsu akwai Lubabatu, mai sayar da sakwara a kasuwar Arzèkè, wadda mijinta ya rasu da jimawa. Ita ma 'yar Djougou ce, aure ya kawo ta. Takan tashi kasuwa ta zarce lambu da kwandonta, har gashin tsakiyar kanta ya kaɗe saboda gammo.

Tun tana yarinya, ubanta ya kai yayyenta maza makaranta, ita kuma aka zaunar da ita tsintar goro, tana ware mai tsutsa daga mai lafiya. Sai da furfura ta fara fito mata sannan ta ɗauki allo ta je wurin Malam Hadi a unguwar Banikanni. Shekara da shekaru tana bi a hankali, kullum bayan la'asar, har Allah ya kai ta ƙarshen Alƙur'ani, a daidai lokacin da lambun ya kammala.

Da aiki ya ƙare, Badamasi ya sa kafinta Jatau ya kafa ƙyaure a bakin lambun, wai saboda awaki. Makullin ya shiga aljihunsa. Daga nan ya fara son a kira shi Firezidan, wato shugaba.

Lubabatu ta je ta gaya masa ranar walimar saukarta, wata Lahadi cikin bazara. Ya ce to, Allah ya kai mu. Ku riƙe wannan, ya ce to.

Sai ta sayi goro mai kyau ta aika Djougou, gida gida, da saƙon rana da wuri. Goron gayyata in ya fita ba ya komowa. Yayyenta suka aiko cewa za su cika mota guda, har da malaman unguwarsu. Ɗakinta kuwa ɗaya ne, tsakar gidan da take haya ba ya ɗaukar tabarma huɗu.

Ana sauran 'yan kwanaki, labari ya zo cewa wani babban jami'i daga Cotonou zai biyo ta Parakou a wannan Lahadin. Badamasi ya ga dama ta samu. Ya shirya masa liyafa a lambun da yamma, da masu kiɗan zamani. Aka shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa, aka jera kujerun aro, aka rufe ƙofa.

Lubabatu ta same shi a garejinsa, yana tsakiyar direbobi. Ta gaishe shi, ta tuna masa da maganarsu. Ta ce karatun da hantsi ne, kafin azahar an watse, su da kansu za su share wurin.

Ya ce murhu zai baƙanta ƙasa, yara za su ture kujeru.

Ta ce, "Ɗana, goro ya riga ya isa Djougou."

Ya ce, "Madam, ranar nan ta manya ce. Karatun da ya jira shekara hamsin ba zai gagara jiran mako guda ba."

Direbobin suka yi dariya. Ta gyara mayafinta ta fita.

Daga nan ta shiga bin waɗanda suka ci goron gayya. Na farko ya ce kayansa a motar Badamasi suke tafiya Djougou, bakinsa a ɗaure yake. Na biyu ya ce maganar da aka yi a ƙofar masallaci maganar ɗaurin aure da suna ce, bai ji an ambaci sauka ba. Wannan ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce. Na uku ya sa matarsa ta ce ba ya nan, alhali takalmansa na bakin ƙofa. Malam Hadi ya ce ga zaurensa, amma shi da kansa ya san ko malaman kaɗai ba zai ɗauka ba.

Maƙwabciyarta Hannatu ta ba ta shawara. Ta ce ai uwar Badamasi, Habiba, tana nan da rai a Djougou, kuma tare suka yi tsintar goro suna yara. Ta aika mata mana, kalma ɗaya ta ishe shi. Lubabatu ta ƙi. Ta ce ƙafafun tsohuwar sun daina ɗaukarta, ko goron da aka kai mata don girmamawa ne kawai, ba za ta ɗora mata baƙin cikin ɗa a kan ciwon ƙafa ba.

Hannatu ta ce, "To baƙin naki a kanki za ki ɗora su, kamar kwandon juji?"



Ranar Asabar rago na ɗaure, doya na jibge, mata na fere. Lubabatu ta riƙe wuƙa ta kasa fere ko ɗaya. Babu hanyar tsayar da motar Djougou, da asuba za ta taso. Abin da ke cin ta shi ne yayyenta, waɗanda tun farko suka ce karatun tsufa wahalar banza ne. Za su sauko daga mota su tarar ko wurin zama ba ta samar musu ba. Ta buɗe allonta mai zayyana don ta maimaita, baƙaƙen suka yi ta rawa a idonta.

Lahadi da hantsi ta je ta tsaya a bakin lambun, allo a naɗe cikin farin ƙyalle. Ta cikin ƙyauren ana hango inuwa da kujeru babu kowa. A waje kuwa rana ta fara zafi, babu ko itace ɗaya.

Motar ta iso. Yayyenta suka sauko, malamai suka sauko, mata suka bi da ƙunshinsu. A ƙarshe aka ga samari biyu sun tallabo wata tsohuwa suna saukar da ita a hankali. Habiba ce. Ta ce ta ci goro, kuma ba ta taɓa cin goron gayyata ta zauna a gida ba.

Ta dubi ƙofar, ta dubi Lubabatu. Lubabatu ta ce an ɗan samu tangarɗa ne da makulli. Hannatu ce ta kasa haƙuri, ta faɗi aljihun da makullin yake, da abin da aka faɗa a gareji.

Tsohuwar ta dubi ƙasar bakin ƙofar. Can ta ce, "Ku shimfiɗa mini a nan."

Aka ce mata rana. Ta ce ta gani.

Da ta zauna a ƙasa, ba wanda ya iya tsayawa. Malamai suka shimfiɗa buzayensu a kan hanya, mata suka zauna a baya. Mutanen unguwa suka fara leƙowa, wasu suka fito da tabarmi kansu a sunkuye. Hanyar ta toshe gaba ɗaya. Malam Hadi ya karɓi allon ya buɗe, ya miƙa wa Lubabatu, ya fara biya mata. Muryarta na rawa, gumi na ɗiga a kan ƙyallen, har sau biyu tana tsayawa.

Ana cikin haka motar masu kiɗa ta iso da kayansu ta rasa wurin wucewa. Badamasi na biye a kan babur. Tun daga nesa yake faɗa da Faransanci, yana tambayar wa ya ba su izinin tare hanya. Ya ratso mutane har gaba. Sai ya ga wadda ke zaune a gindin ƙyaurensa.

Ya tuɓe takalmi ya tsuguna. Ya ce, "Inna."

Badamasi ɗan fari ne. Irin iyayenmu na da ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa kallonsa a cikin mutane. Habiba ba ta karya wannan ba. Ta juya wajen Hannatu, ta yi magana yadda na baya ma zai ji.

Ta ce, "Wannan mai baburin ɗan wane gida ne? Mu dai a gidanmu, kakanni sun kwana a zangon mutane daga Djougou har Salaga, ba a taɓa rufe musu ƙofa ba. Ban san mun haifi mai rufewa ba."

Ya zaro makullin ya miƙa mata. Ta ce wa Hannatu ta gaya masa ba ita aka rufe wa ba.

Ya juya wajen Lubabatu a tsugune. Wannan karon bai ce Madam ba. Ya ce, "Goggo, ki yi wa Allah ku shiga inuwa."

Malam Hadi ya ɗaga masa hannu, ya ce an riga an buɗe karatu, ba a tashi sai an rufe. Haka Badamasi ya zauna a tsugune cikin rana, ƙafa ba takalmi a kan ƙasa mai zafi, makulli a hannu, direbobinsa da masu kiɗa suna kallo. Muryar Lubabatu kuwa ta daidaita. Ta kai aya ta ƙarshe a allon ba tare da Malam ya gyara mata ba. Aka shafa fatiha. Babban yayanta ya share ido da hannun riga.

Sai Badamasi ya miƙa wa Lubabatu makullin. Ta dube shi, ba ta karɓa ba.

Ta ce, "Riƙe abinka, ɗana. In na karɓa yau, gobe wata ce za ta zo gareji roƙo. A cire ƙyauren."

Jatau yana cikin taron. Shi ya kafa shi, shi ya ɗaga shi daga maƙalarsa, ya jingine a bango. Samari suka tallabi Habiba suka fara shiga da ita. Aka ci sakwara da naman rago a ƙarƙashin mangwaro.

Kafin azahar mata sun share wurin tas. Jami'in ya zo da yamma, ya zauna a kujerarsa, ya ci, ya tafi, bai ga ko tokar murhu ba. Wannan ne ya fi ɓata mini rai a duk labarin. Babu abin da aka tsare da rufe ƙofar nan. An zaunar da tsofaffi cikin rana ne a banza.

Yau lambun yana nan, ana ta buki a cikinsa. Amma ku je ku duba, an sake kafa ƙyaure, na ƙarfe ma. A jikin bango akwai allo da sunan Badamasi shi kaɗai, a matsayin wanda ya gyara wurin. Ban ce a goge sunansa ba, ya yi sintirinsa. Na ce a ƙara na Lubabatu da na matan da suka kwashe jujin a ka, kuma masu riƙe da makullin yanzu su fito su gaya wa unguwa wa ya ba su. Ba zan daina faɗa ba sai an gyara.

Darasi: Abin da jama'a suka gyara da guminsu na jama'a ne, wanda aka ba makulli mai tsaro ne kawai. Kada ka raina bukin talaka don na babba, domin ba ka san wa za ka tarar zaune a bakin ƙofar da ka rufe ba. In kuma ka ci goron magana, ka tsaya a kanta ranar da aka neme ka. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta, musamman wanda kuka san makullin jama'a na aljihunsa.