Tsaunin da Waziri Ya Ce Kakansa Ya Gina

A zamanin da, a wata ƙasa mai tuddai, an yi wani sarki wai shi Mazadu. Ran nan wazirinsa Jatau ya faɗi gabansa, ya ce, "Ranka ya daɗe, tsaunin nan da masu sassaƙa dutsen niƙa suka mamaye, ganuwa ce kakana ya gina. Dubi yadda duwatsun suke hawa-hawa, ja bisa fari, kamar jerin tubali. A tashe su, a ba ni gadona."

Sarki ya auna maganar. Shekara ashirin waziri bai taɓa ambaton wannan kaka ba, sai bana da fatake suka fara rububin dutsen. Amma kuma layukan duwatsun, lalle sun yi kama da aikin magini.

Aka kirawo shugaban masassaƙan, wani tsoho mai suna Nomau. Ya zo da guntun dutse daga tsaunin, ga katantanwa da ƙayar kifi manne a ciki, sun zama dutse.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ruwa ne ya shimfiɗa tsaunin. Da can wurin nan ƙarƙashin ruwa yake. Yashi ya kwanta, laka ta kwanta kansa, haka haka har suka daskare."

Waziri ya ƙyalƙyale da dariya. "Kifi a kan tsauni? Masassaƙi ne fa, shi ya zana abinsa!"

Sarki ya dubi wannan, ya dubi wancan, bai yarda da kowa ba. Nan take ya sa aka yi sirdi, ya hana kowa ya riga shi fita. Da suka isa tsaunin, ya hau can sama inda guduma ba ta taɓa sauka ba, ya zaɓi dutse da kansa, ya ce dogarinsa ya fasa, kada Nomau ya matso. Dutsen ya rabe biyu, sai ga katantanwa uku kwance a tsakiyarsa.

Sarki ya ce, "Waziri, ta wace ƙofa kakanka ya shigar da waɗannan?"

Waziri ya sunkuyar da kai.

A nan bisa tsaunin aka warware masa rawani. Sarki ya bar wa masassaƙa wurinsu, ya yanke cewa Jatau zai shekara yana sauko musu da duwatsun niƙa a ka.

Nomau ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, a fara masa da ƙanana. Wuyansa bai saba ba."

Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan.